Sojan gadi a ofishin jakadanci: me yake tsarewa, kuma wa ke tsare shi?

Tambaya: Wani bawan Allah ya ce ya ga tsohon hoton sojojin Amurka a kan rufin ofishin jakadancinsu na Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, a 1975, sannan ya ji labarin yadda ɗalibai suka mamaye na Tehran a 1979 ba tare da sojan gadi ko ɗaya ya harbi kowa ba. Shi ne yake son sani: in dai ba faɗa za su yi ba, mene ne amfanin ajiye soja a ofishin jakadanci? Kuma wace doka ce ta ba wata ƙasa damar kai sojojinta da bindigogi tsakiyar babban birnin wata?

Amsa: Malam, na daɗe ina koyar da tarihin hulɗar ƙasashe, kuma duk shekara sai wannan tambaya ta taso. Yawanci tana tasowa ne daga wani zato da ya zauna a zukatan mutane, wai harabar ofishin jakadanci yanki ce ta ƙasar da ta aiko jakadan. Ba haka doka ta ce ba. Filin na ƙasar da ake zaune a cikinta ne. Abin da Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta tanada a sashe na 22 shi ne: jami'an ƙasa mai masauki ba su da ikon shiga harabar sai jakada ya yarda, sannan wannan ƙasa mai masaukin ce aka ɗora wa nauyi na musamman na kare wurin daga kutse da ɓarna. Ka riƙe wannan da kyau, don a kansa sauran bayanin yake. Mai gida ne ke gadin baƙonsa. Alfarmar manzo kuwa ta girmi yarjejeniyar da ƙarnoni masu yawa, ai a Sira ma mun karanta cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa 'yan aiken Musailama ba duk da munin saƙon da suka kawo, saboda ba a kashe ɗan aike.

Yarjejeniyar ba ta ambaci sojan gadi ba ko sau ɗaya. Hanyar da ake bi ita ce a yi masa rajista a cikin ma'aikatan ofishin, galibi a rukunin ma'aikatan gudanarwa da na fasaha, ya shigo da biza kamar kowa. Ƙasa mai masauki tana iya ƙayyade yawan ma'aikatan ofishi, tana kuma iya cewa ba ta son wane, ya tattara ya tafi, ba sai ta faɗi dalili ba. Maganar makamai ma daidaitawa ce tsakanin gwamnatocin biyu, kuma a yawancin wurare bindigar ba ta wuce bakin ƙofar harabar. Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. A watan Afrilun 1984 an buɗe wuta daga tagar ofishin jakadancin Libiya da ke Landan kan masu zanga-zanga, harsashi ya kashe 'yar sanda Yvonne Fletcher. 'Yan sandan Ingila suka kewaye ginin kwana 11, ba su iya shiga ba, ƙarshe dai aka yanke hulɗa aka raka mutanen ciki suka bar ƙasar. Gwamnatin da ta tuna wannan ba za ta yi farin cikin ganin rumbun makamai a wurin da 'yan sandanta ba sa iya leƙawa ba.

Ba Amurka kaɗai ke kai masu kayan sarki ba. Faransa na tura jandarmomi, Italiya na tura dakarun Karabiniyeri, Jamus 'yan sandan tarayya, Kanada 'yan sandan soja, Indiya kuma ta yi amfani da 'yan sandan tsaron iyakarta da Tibet a Kabul, har biyu daga cikinsu suka mutu a harin bam na Yulin 2008. Amma tunda misalanka na Amurka ne, kuma nasu ne ya fi yawan rubutaccen tarihi, a nan zan fi tsayawa.

Kafin nan, ga misalai biyu daga zamanin da. A 1879 Birtaniya ta kafa wakilinta Louis Cavagnari a Kabul da 'yan rakiya kimanin 75, sojojin Indiya ƙwararru. Ranar 3 ga Satumba wasu rundunonin Afganistan da ba a biya albashi ba suka yi bore suka afka wa gidan. Sarki Yakub Khan bai kai ɗaukin da ya hana komai ba. 'Yan rakiyar sun yi faɗa tun safe har yamma, kusan duka aka kashe su tare da wakilin. A 1900 kuma, lokacin boren 'yan Boksa, wata ƙungiya mai ƙin baƙi a ƙasar Sin, sojojin gadi kimanin 400 daga ƙasashe takwas suka riƙe unguwar jakadu ta Bejin kwana 55, daga 20 ga Yuni zuwa 14 ga Agusta, har rundunar ceto ta iso. Ana yawan kawo wannan a matsayin shaidar cewa 'yan gadi kaɗan na iya riƙe wuri. Ni ban gamsu ba. Kusan rabinsu an kashe ko an jikkata, kuma masana tarihi da yawa sun nuna cewa wasu manyan kwamandojin fadar Sin sun ja ƙafa da gangan, ba su yi amfani da manyan bindigoginsu yadda za su iya ba. Wato ko a can ɗin, ragowar kunyar mai masauki ce ta taimaka. Bayan boren, yarjejeniyar 1901 ta tilasta wa Sin yarda da sojojin gadi na dindindin a unguwar. Wannan tsari ne na fin ƙarfi, irin na zamanin mulkin mallaka, kuma ya ƙare da wulaƙanci: sojojin Amurka da ke gadin Bejin sun miƙa wuya ga Japan a Disambar 1941.

Tsarin da muke gani yanzu ya samo asali ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar ma'aikatan harkokin wajen Amurka ta 1946 ta ba da damar a riƙa aron sojoji daga rundunar Marin, wato rundunar nan mai yaƙi a ruwa da tudu. Aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ma'aikatar harkokin waje da ta sojan ruwa a Disambar 1948, a farkon 1949 rukunin farko suka sauka a Tanja ta Maroko da Bankok ta Tailan. Abin da ya sa aka nemo su shi ne leƙen asiri. Yaƙin cacar baki ya kankama, masu gadin farar hula da ake ɗauka a da sun tsufa ko ba a amince da su ba, ana buƙatar matasa 'yan ƙasa masu horo da za a bar wa makullan ofis da dare. Don haka shekaru sama da 60 aikinsu na farko a rubuce shi ne kare takardu da na'urorin sirri. Kare mutane na biye. Wannan jeri yana ba mutane mamaki, amma da shi za ka fahimci abubuwa da yawa da suka faru.

Rayuwarsu ta yau da kullum ba ta kama da abin da ake gani a fim ko kaɗan. Ana horar da su a Kwantiko da ke jihar Bajiniya. Masu tsayuwa gadi yawanci kofur-kofur ne da saje-saje marasa aure, suna yin shekara uku a ƙasashe uku, shekara ɗaya kowace. Shugabansu babban saje ne, ba hafsa ba, kuma a harkar aiki umarni yana zuwa ne daga jami'in tsaron ofishin, wanda farar hula ne, shi kuma yana ƙarƙashin jakada. An daɗe ƙaramar tawaga ba ta wuce mutum shida ba: biyar masu karɓa-karɓa, ɗaya shugaba. Ka raba awa 24 tsakanin mutum biyar, ka cire mai hutu da marar lafiya, za ka ga sau da yawa soja ɗaya tal ne a bakin aiki da tsakar dare. Yana zaune a wani ɗaki da suke kira wurin gadi na ɗaya, a cikin ginin kusa da babbar ƙofa, bayan gilashin da harsashi ba ya fasawa. Gabansa allunan kyamara ne da maɓallan kulle ƙofofi da ƙararrawa da rediyo. In ma'aikata sun tashi, wani ya zaga ofis-ofis yana jan aljihun tebur, yana leƙa kwandon shara, ko wani ya manta takardar sirri a waje. In ya samu, ya ajiye wa mai teburin takardar gargaɗi, ko da kuwa babban jami'i ne. Ba su ne dogaran jakada ba, ba sa bin motarsa. A wajen katanga 'yan sandan ƙasar ne, a bakin get kuma masu gadi 'yan ƙasar da aka ɗauka haya. Sojan shi ne zobe na ciki.

To me mutum shida ko goma sha uku za su yi in dubban mutane suka haura katanga? Za su sayi lokaci. Su kulle ƙofofi, su tattara ma'aikata zuwa ɗaki mai ƙofar ƙarfe, su watsa barkonon tsohuwa a matakala, su ja da baya hawa-hawa, yayin da a ciki ake daddatsa takardu ana farfasa na'urorin aika saƙon sirri, ana kuma ta bugun waya ga gwamnatin ƙasar ta turo ɗauki. Duk lissafin an gina shi ne kan cewa ɗaukin zai zo.

A Saigon ranar 31 ga Janairun 1968 ya zo. Wajen ƙarfe uku saura na dare mayaƙan Biyet Kong 19, 'yan kwaminis masu yaƙi da Amurka da gwamnatin Biyetnam ta Kudu, suka fasa katangar ofishin da nakiya suka shiga haraba. Sojojin Marin uku ne kawai a ginin. Ɗaya daga ciki, Saje Ronald Harper, ya yi wuf ya rufe manyan ƙofofin katako na gaba ya datse. Aka harba wa ƙofar roka, ba ta buɗe ba. Maharan suka yi ta zagaye a farfajiya har gari ya waye, ba su taɓa shiga ginin ba. An kashe 18, an kama ɗaya, Amurka ta rasa 'yan sandan soja huɗu da Marin ɗaya, Kofur James Marshall. Amma lura da inda ɗaukin ya fito: Amurka na da sojoji kusan rabin miliyan a ƙasar a lokacin. 'Yan sandan Biyetnam ta Kudu da ke wajen katanga ba su tsinana komai ba. Hoton da ka gani kuwa na bayan shekara bakwai ne, lokacin da mai masaukin kansa ya rushe. Rannan aikin 'yan gadin ya koma tsayuwa kan katanga suna tantance wanda zai shiga jirgi mai saukar ungulu da wanda za a bari, alhali dubban mutane na roƙo a bakin get. Biyu daga cikinsu, Charles McMahon da Darwin Judge, roka ta kashe su kusa da filin jirgin sama ranar 29 ga Afrilu. Jakada Graham Martin ya tashi da asubahin 30 ga wata. Sojoji 11 na ƙarshe suka datse ƙofar rufin suka zauna jira, ba su da tabbacin an tuna da su, sai dab da ƙarfe takwas na safe jirgi ya dawo ya kwashe su.

Yanzu ga Tehran, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne sau biyu aka mamaye wannan ofishi a 1979. Na farko ranar 14 ga Fabrairu, 'yan kwanaki bayan nasarar juyin juya hali. 'Yan bindiga suka shigo, jakada William Sullivan ya umarci sojojinsa su ajiye makamai, aka kira sabuwar gwamnati. Ibrahim Yazdi, mataimakin firaminista a lokacin, ya zo da kansa da dakaru, cikin 'yan sa'o'i aka mayar wa Amurkawa ofishinsu. Ranar 4 ga Nuwamba, bayan Amurka ta bar hamɓararren Sarki Shah ya shiga ƙasarta neman magani, ɗalibai suka sake haurowa. Sojojin Marin 13 ne a wurin, an hana su harbi, sai barkonon tsohuwa. Shugabannin ofishin sun ɗauka abin da ya faru a Fabrairu ne zai maimaitu, har muƙaddashin jakada Bruce Laingen yana ma'aikatar harkokin wajen Iran yana neman a turo ɗauki. Wannan karon Ayatullahi Khumaini ya goyi bayan ɗaliban, gwamnatin Mehdi Bazargan ta yi murabus bayan kwana biyu, mutum 52 suka yi kwana 444 a tsare. Gini ɗaya ne, tsarin gadi ɗaya, wata tara tsakani. Abin da ya canza shi ne niyyar mai masauki. Kotun Duniya ma a hukuncinta na Mayun 1980 a nan ta ɗora laifin: Iran ta ƙi kare wurin, daga baya kuma ta rungumi mamayar.

Da sun yi harbi fa? Na sha jin masu zafin kai na cewa da an kwantar da goma na farko da sauran sun watse. Ra'ayina, da an yi haka da ba a yi maganar kwana 444 ba, gawarwaki za a ƙirga. Harabar ta kai eka 27, birnin cike yake da makamai, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Duk mutum 52 ɗin sun koma gida da ransu a Janairun 1981. Inda aka gaza da gaske a Tehran shi ne ainihin aikin da aka kafa gadin dominsa. Takardun sirri sun yi yawa, lokaci bai isa ba, na'urar da aka yi amfani da ita kuma zare-zare take yanka takarda. Ɗaliban suka zauna da haƙuri suka harhaɗa zaren nan ɗaya bayan ɗaya, suka buga littattafai masu yawa da abin da suka samu. Tun daga nan aka koma na'urori masu niƙe takarda kamar gari, aka kuma sa ƙa'idar kada ofishi mai haɗari ya tara sirrin da ba zai iya hallakawa cikin ɗan lokaci ba.

Ana wata ga wata. Kwana 17 bayan mamayar Tehran ta biyu, ranar 21 ga Nuwamban 1979, jita-jita ta bazu a Pakistan cewa Amurka na da hannu a mamayar da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka yi wa Masallacin Harami a Makka. Ƙarya ce, amma ta isa. Dubban mutane suka cinna wa ofishin Islamabad wuta. Kofur Steven Crowley, ɗan shekara 20, yana kan rufi harsashi ya same shi a ka. Sauran sojojin suka tura mutum kusan 140 cikin ɗakin sirri na hawa na uku, suka tsare hanyar da barkonon tsohuwa, wuta na ci a ƙarƙashinsu har daɓen ɗakin ya fara ɓamɓarewa don zafi. Sa'o'i suka yi ta wucewa. Shugaban Pakistan Janar Ziya'ul Haƙ yana Rawalpindi wajen wani zagayen keke, sojojinsa ba su iso da ƙarfi ba sai da aikin gama ya gama. Mutanen sun tsira ne ta wata ƙofar rufi bayan taron ya fara watsewa da magariba. Ban da Crowley, wani sojan Amurka da ma'aikata biyu 'yan Pakistan sun mutu a gobarar. A ganina wannan ce ranar da ta fi nuna amfanin sojan gadi da kuma iyakarsa a lokaci guda: sun sayo sa'o'in da suka ceci rayuka, ba tare da sun buɗe wuta kan taron ba.

Daga 1983 barazanar ta sauya kama, ta zama irin wadda bindiga ba ta da maganinta. Ranar 18 ga Afrilu mota shaƙe da bam ta kutsa gaban ofishin Bairut, mutum 63 suka mutu, 17 Amurkawa, mafi yawan sauran 'yan Labanan. Kofur Robert McMaugh na zaune a wurin gadi na ɗaya, nan ya mutu. Kada a haɗa wannan da harin Oktoban shekarar da ya kashe sojojin Amurka 241, waɗancan rundunar kiyaye zaman lafiya ce a barikinsu. Kwamitin Admiral Bobby Inman ya ba da rahoto a 1985, kuma maganin da ya kawo na magina ne: a janye gini aƙalla ƙafa 100 daga titi, a yi katanga mai tare mota, a rage gilashi. Kuɗi bai isa a yi wa ko'ina ba. Ofishin Nairobi yana bakin wata mahaɗar titi mai cunkoso, jakadiya Prudence Bushnell ta rubuta wa Washinton tana kuka da wurin, ba a matsar da shi ba. Ranar 7 ga Agustan 1998 Alƙa'ida ta tayar da bama-bamai a Nairobi da Darussalam ta Tanzaniya kusan lokaci guda, mutum 224 suka mutu, 12 ne Amurkawa, cikinsu da Saje Jesse Aliganga na Marin.

Akwai abin da ba na so ya wuce ka a labarin Nairobi. Maharan sun so shigar da motar ƙarƙashin ginin ne. Waɗanda suka ƙi ɗaga musu shingen masu gadi ne 'yan Kenya, ba su da bindiga, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Da motar ta shiga, da wuya wani ya fita daga ginin. Haka a Jidda a Disambar 2004, sojan da ke wurin gadi na ɗaya ya kulle ginin da maɓalli maharan suka kasa shiga, amma ma'aikata biyar da aka kashe a haraba duk ba Amurkawa ba ne. In za a rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ƙofofin ofisoshin jakadanci cikin shekaru 50 da suka wuce, 'yan ƙasa ne za su cika takardar, amma hoton mai shuɗin kaki ne ke shiga jarida. Bayan fashewar Nairobi ma an yi ɓacin rai, domin sojojin sun killace ginin sun hana jama'a shiga aikin ceto. Su umarnin da suka sani ke nan, a tsare wurin, akwai sirri a warwatse, ana kuma tsoron hari na biyu. 'Yan Kenya da ke tono 'yan'uwansu da hannu a ginin Ufundi da ya rufta a gefe ba haka suka fassara abin ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Wani rauni kuma daga cikin gida yake. Ka ɗauki saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba aure, ka kai shi baƙon gari inda aka hana shi sakewa da mutanen wurin, sannan ka ba shi makullan ɗakunan sirri. Hukumomin leƙen asiri sun san wannan lissafi. Saje Clayton Lonetree ya yi gadi a Mosko, ya faɗa soyayya da wata 'yar Rasha mai aiki a ofishin, ita kuma ta haɗa shi da wani wai kawunta, ashe jami'in KGB ne, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Disambar 1986, yana Biyana, ya kai kansa ya tona. Aka mayar da dukan sojojin gadin Mosko gida, aka yanke masa shekara 30 a 1987, daga baya aka rage, ya fito a 1996. A lokacin an yi ta yayata cewa 'yan gadi sun riƙa buɗe wa KGB ƙofa da dare suna yawo a ofishin. Ba a taɓa tabbatar da hakan ba. Babbar ɓarnar da aka yi ta nema wa mai laifi a shekarun nan, daga baya aka gano da yawanta aikin Aldrich Ames ne, jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da ke zaune lafiya a bakin aikinsa, wanda ba a kama ba sai 1994. An ga ƙaramin ɓarawo an yi ta ihu, babban yana cikin masu ihun.

Sauyi na ƙarshe mai girma ya biyo bayan harin Bangazi a Libiya. Daren 11 ga Satumban 2012 aka kashe jakada Christopher Stevens da Amurkawa uku. Mutane da yawa sun tambaya ina sojojin Marin suke. Babu su a wurin. Ofishin na wucin gadi ne, kuma a tsohon ma'auni inda ba a ajiye sirri mai yawa ba a cika kai su ba. Ihu bayan hari dai, majalisar dokoki ta amince a ƙara sojojin gadi har 1,000, aka ƙara girman ƙananan tawagogi, aka kafa wata runduna a Kwantiko da za a iya turawa cikin gaggawa duk inda aka hango hadari, aka kuma sake rubuta aikin nasu, kare mutane ya hau gaba. Yau suna wurare kusan 180. Duk da haka dabarar ba ta canza ba: in mai masauki ya kasa ko ya ƙi, a tattara a fita. Haka aka yi a Mogadishu a Janairun 1991, inda aka kwashe mutum 281, haka aka yi a Khartum a Afrilun 2023 da jirage masu saukar ungulu da dare. A Khartum ɗin, cikin abin da ma'aikatan ofishin suka hallaka kafin tafiya har da fasfo na 'yan Sudan da suka miƙa don neman biza. Ƙa'ida ce, wai kada su faɗa hannun da bai dace ba, amma ta bar masu su cikin yaƙi ba takardar ƙetare iyaka.

Akwai wani ƙaramin aiki nasu da ban ambata ba, shi ne ɗaga tuta da sauke ta. Da Amurka ta yanke hulɗa da Kyuba a farkon Janairun 1961, sojojin gadi uku, Larry Morris da Mike East da Jim Tracy, suka fita gaban ofishin Habana suka sauke tutar suka naɗe, jama'ar da ta taru neman biza ta buɗa musu hanya. Ginin ya koma ƙarƙashin kulawar Suwizalan, kamar yadda yarjejeniyar Biyana ta yarda a damƙa wa ƙasa ta uku, gwamnatin Fidel Castro kuma duk da gabar da ke tsakani ba ta ƙwace shi ba. Ranar 14 ga Agustan 2015 aka yi bikin sake ɗaga tuta a ofishin a gaban sakataren harkokin waje John Kerry. Aka ɗauko mutanen nan uku, duk sun haura shekara 70, suka miƙa tuta ga wasu matasan Marin uku, su kuma suka ɗaga ta.